Ƙwayar lido ba ta tuna abin da ya wuce

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina ajin ƙarshe na sakandare, WAEC ta matso, hankalina a tashe yake. A jarrabawar gwaji an ce jaka na da ƙwallaye 5 ja da 3 baƙi, a zaro biyu ba tare da an mayar ba, mene ne yiwuwar su zama ja duka? Na rubuta 25/64, aka soke. An kuma ce tsani mai tsawon mita 5 an jingina shi da bango, gindinsa na nesa da bangon da mita 3, a nemo tsayin da ya kai a jikin bangon. Na samu tsayin kusan mita 5.8, shi ma aka soke. Ina matsalar take? Ɗalibi daga Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Kwantar da hankalinka, duka biyun masu gyaruwa ne.

Na tsani ba shi da wuya. Tsani da bango da ƙasa sun yi siffa mai gefe uku, tsanin shi ne gefen da ke fuskantar kusurwa mai digiri 90, don haka ragewa ake yi: 5 sau 5, wato 25, a cire 3 sau 3, wato 9, saura 16, wanda shi ne 4 sau 4, tsayi mita 4. Kai tarawa ka yi. Da ka dubi amsarka, ai ka ga tsani mai mita 5 ba zai kai mita 5.8 a bango ba.

Na jaka kuwa, ka ninka 5/8 da 5/8 kamar ƙwallon farko ya koma ciki. Bai koma ba. Jajaye sun zama 4, jimilla 7. Sai ka ninka 5/8 da 4/7, ka samu 20/56, wato 5/14.

Amma abin da ya fi damuna kishiyar kuskurenka ne, kullum sai na ci karo da shi, har ga manya. Yaro zai jefa ƙwayar lido sau goma shida ba ta fito ba, sai ya ce yanzu dole ta fito, wai lokacinta ya yi. Ina dolen? A jaka an zare wani abu, lissafi ya sauya. A ƙwayar lido me aka zare? Fuskokinta shida suna nan yadda suke, yiwuwar shida a jifa na goma sha ɗaya 1/6 ce, daidai da jifan farko.

Wannan ruɗin ne jarin masu cacar ƙwallo. Saurayi ya yi asara sau bakwai, ana zuga shi wai na takwas nasa ne, har ya sayar da wayarsa ko ya taɓa kuɗin shagon ubangidansa. Ɗauka ya haɗa wasanni 10 a takarda ɗaya, kowanne yiwuwar cankarsa 1/2. Ninka 1/2 sau goma, za ka samu 1/1024. Gobe ma 1/1024 ce, ko nawa ya zubar yau. Masu tallar lambobin tabbas a WhatsApp kuwa maƙaryata ne. Mai tabbacin ci me zai sa ya tsaya karɓar naira dubu a hannun ɗalibi? Addini ya haramta caca, lissafin da ke cikin littafinka ma ya tona asirinta.

Don haka kafin ka ninka komai, ja layi ƙarƙashin inda aka ce an mayar ko ba a mayar ba. In an mayar, lambar ƙasa na nan. In ba a mayar ba, rage ta da ɗaya, ka rage ta sama ma idan launi ɗaya ake nema. Rubuta kowane mataki, domin masu duba takardun WAEC suna ba da maki a kan hanyar aiki. Allah ya ba da sa'a.