Shin wurin shaƙatawa na bakin kogi yana da darajar tarihi?

Malam, ka ce ana shirin gyara wurin shaƙatawar da ke bakin kogi a unguwarku ta bayan gari, kana tambaya ko yana da wata darajar tarihi, tunda babu tsohon gini a ciki sai itatuwa da ciyawa.

Ai tarihi ba a gini kaɗai yake ba. Yarjejeniyar Florence ta 1981, wadda ICOMOS, ƙungiyar kare wuraren tarihi ta duniya, ta amince da ita, ta ɗauki tsohon lambu a matsayin abin tarihi mai rai. Dubi garin Riverside kusa da Chicago a Amurka. Masu tsara lambuna Frederick Law Olmsted da Calvert Vaux ne suka tsara shi a 1869, suka bar gefen kogin Des Plaines fili don jama'a, kuma a 1970 aka sa garin cikin wuraren tarihi na ƙasar.

Fara da binciken dalilin da ya sa aka bar wurin fili. Sau tari ambaliya ce ta hana gini, wani lokaci kuma tsohon mashigi ne. Nemi tsofaffin taswirori da hotuna, sannan ka zauna da dattawan unguwa ka naɗi muryarsu. Ni a ganina wannan ya fi gaggawa, don takarda tana iya jira.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sare manyan itatuwa da sunan gyara, ko zuba kankare a gaɓar kogin. In kuka ga fasassun tukwane ko tsohon harsashin gini, kada ku tona. Ku ɗauki hoto, ku sanar da hukumar adana kayan tarihi ta turo masani kafin a shigo da buldoza.