Ga Asalin Yaron, Yaya

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da su Hajiya da yara da duk mutanen gida. Saƙonka ya same ni a bakin aiki, na saurare shi sau uku a cikin mota kafin in koma gida. Ban amsa nan take ba saboda maganar ta fi ƙarfin minti biyu a waya, kuma kai ne babba, kai ne waliyyin yarinyar nan ko da kana Zariya tana Bronx, a birnin New York. Ka tambayi asalin yaron nan baƙin Ba'amurke da ke neman auren 'yarmu. Ka ce kana jin baƙaƙen Amurka ba sa son aiki, in ba haka ba me zai hana su arziki tunda an daina wariya shekara sittin, har baƙar fata ya yi mulkin ƙasar shekara takwas. Ka kuma ce me ya kai mu, mu da muka zo neman abinci, shiga zanga-zangarsu da siyasarsu.

Ban ga laifinka ba, domin da bakina na faɗi irin wannan maganar. Da na sauka a New York a 1998, nasihar farko da waɗanda suka tarbe ni suka yi min ita ce in yi nesa da "akata". Sunan da mutanen Afirka ta Yamma ke kiran baƙaƙen nan ke nan, kuma sunan raini ne. Na ɗauka na riƙe. Ina wuce su a titi ina ganin ni daban ne: ina da gari, ina da harshe, na san kakan kakana.

Ban cika shekara ba aka kashe Amadou Diallo. Bafulatani ne daga Gini, ɗan shekara 23, yana tallar kaya a bakin titi. Daren 4 ga Fabrairu 1999 yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya a unguwar Soundview, 'yan sanda huɗu cikin farin kaya suka yi masa harbi 41, guda 19 suka same shi. Abin da ke hannunsa walat ne. Ba wanda ya tsaya ya tambaye shi ko daga Afirka ya zo, ko yana salla, ko ya san asalinsa. Fatarsa aka gani. Da muka rasa inda za mu sa kanmu, mu baƙi masu tsoron takarda da tsoron hukuma, waɗanda muke kira akata ne suka fito. Kullum suna taruwa a ƙofar hedikwatar 'yan sanda, aka kama mutum fiye da dubu, har da David Dinkins, tsohon magajin garin. An wanke 'yan sandan a kotu a shekarar 2000, amma mu a masallatanmu wani abu ya riga ya sauya. Wani dattijo ɗan zangon Kumasi ya tashi bayan sallar Juma'a ya ce, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, to mu namu gemun ne ya kama, maƙwabci ya kawo ruwan. Tun daga ranar na hana kalmar nan a gidana.

Daga baya na san cewa ko shigowarmu ƙasar nan albarkacinsu muka ci. Dokar shige da fice ta 1924 ta ware kusan duk guraben ga mutanen arewaci da yammacin Turai, abin da aka bar wa Afirka bai taka kara ya karya ba. A 1965 aka soke wannan tsari, a shekarar da aka fasa wa John Lewis, ɗaya daga cikin jagororin gwagwarmayar baƙaƙe, kai a gadar Selma yana neman haƙƙin ƙuri'a, shekara ɗaya bayan dokar da ta hana wariya a otal da gidan abinci da wurin aiki. Guguwa ɗaya ce ta kawo su duka. Girin kad ɗin, wato takardar izinin zama, da na samu ta hanyar ƙuri'a ta wannan ƙofar ya biyo.

Yanzu maganar talauci, wadda ita ce ta fi damunka, kuma gara in yi maka ita da tarihin gidan yaron, tunda asali ka tambaya.

Kakansa na wajen uba an haife shi a South Carolina, jikan bayi ne. An yi bauta a ƙasar nan daga 1619 zuwa 1865, shekara 246 ana noma ba lada. Da aka 'yanta su an fara raba wa wasunsu gonaki, eka arba'in-arba'in, a gaɓar tekun jiharsu da Georgia, sai shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsofaffin iyayen gijin da filayen kafin shekarar ta ƙare. Kakan nan ya yi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya bi ayarin mutum kusan miliyan shida da suka gudo daga kudu zuwa biranen arewa da yamma. A lokacin gwamnati tana tsaya wa tsofaffin sojoji su karɓi bashin gida mai sauƙi. A Levittown, nan bayan New York, an gina gidaje sama da 17,000 ana sayar da kowane a kan dala 8,000 ko kusa da haka, amma an rubuta a takardar gidan cewa farar fata kaɗai zai zauna. A wasu biranen Mississippi an ƙirga a 1947, cikin bashi sama da 3,000 da gwamnati ta tsaya wa tsofaffin sojoji, biyu kacal suka je hannun baƙar fata. Tun daga shekarun 1930 kuma hukuma ta zana taswirar birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi, alamar kada banki ya zuba kuɗi a nan. Sai a 1968, mako ɗaya bayan an kashe Martin Luther King, aka haramta nuna bambanci wajen sayar da gida.

Ka duba lissafin da idon ɗan kasuwa, Yaya. Sojan da ya sayi gida a Levittown ya rasu ya bar wa 'ya'yansa gidan da yau ya haura dala rabin miliyan. Da shi aka biya kuɗin jami'a, da shi aka ja jari, da shi aka yi wa jika kafin alƙalamin nasa gidan. Kakan yaron nan ya yi shekara arba'in yana biyan haya a Harlem, unguwar baƙaƙe a New York, ya rasu ya bar kujeru da hotuna. Doka ta cire allon da ke cewa baƙi ba ya shiga, amma ba ta sake rabon gado ba. Babban bankin ƙasar ya yi ƙidaya a 2022: dukiyar matsakaicin gidan farar fata dala 285,000 ce, ta gidan baƙar fata 44,900. Kai da ka san yadda gidan gado ɗaya a cikin birni yake riƙe zuri'a guda, ka san abin da ake nufi da mutum ya tashi ba shi da ko ɗaki.

Za ka ce to mu fa, da muka zo da jaka ɗaya, ga shi mun yi gini a gida. Gaskiya ne, amma mu faɗa wa juna gaskiya gaba ɗayanta. Ba kowa ne ya zo ba. Kafin a ba ka bizar ƙuri'a sai kana da takardar sakandare ko sana'a, sai an auna lafiyarka, sai an sami mai biya maka jirgi. Ni filin Baba aka sayar, kai ka sa hannu. Mun zo da ƙarfinmu, wata ƙasa ta riga ta raine mu ta karantar da mu. Sannan dalarmu tana da inda za ta je ta kumbura. Abin da na tara a shekara goma ina tuƙin dare, mu huɗu a ɗaki ɗaya, ya gina gida a Zariya, amma a Bronx ba zai sayi ko rabin ɗaki ba. Ba'amurke baƙi ba shi da garin da zai aika dala ta zama naira dubu da wani abu. Nan ne gidansa, nan ne ƙauyensa, da kuɗin hayar nan zai yi ta fama. Kuma maganar ƙin aiki, ka zo ka hau jirgin ƙasa da ƙarfe biyar na asuba ka ga su wa ke ciki: masu jinya, masu shara, direbobin bas, masu gadi. Akwai ɓatattu, akwai ƙwaya, akwai yaran da suka lalace, ba na ɓoye maka. Namu 'ya'yan da aka haifa a nan ma ba su tsira ba, makaranta ɗaya suke zuwa, titi ɗaya suke bi, kuma ɗan sanda ba ya bambanta su.

Abin da ya rage shi ne siyasa. Mu a nan muna da namu tsarin da muka taho da shi. Akwai adashi, maza da nasu mata da nasu. Akwai ƙungiyar gari, wadda in aka yi rasuwa take tara kuɗin kabari ko na kai gawa gida kafin kwana biyu. In ana suna ko biki kuwa sai a kama zaure a cika shi da tuwo da waina da ƙosai, Bakano da Bazazzagi da ɗan Damagaram da ɗan Nima ta Accra duk a tabarma ɗaya. Shekaru da yawa mun ɗauka wannan ya ishe mu. Amma adashi ba ya hana mai gida ƙara haya, ba ya sa a kunna na'urar ɗumama ɗaki a tsakiyar sanyi. A Janairun 2022 gobara ta tashi a wani dogon bene a nan Bronx daga hitar lantarki, mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, akasarinsu 'yan Gambiya. Duk wanda ya je jana'izar nan ya san cewa maganar gidan haya maganar rai ce, kuma a majalisar birni ake yanke ta. Shi ya sa yanzu in zaɓe ya matso za ka ga tebur a ƙofar masallaci ana yi wa mutane rajista, matanmu masu aikin kula da tsofaffi a gidaje kuma suna cikin ƙungiyar ƙwadago tare da matan Jamaika da Haiti da baƙaƙen nan.

Wanda na gani da idona shi ne na direbobin tasi. Lambar izinin da ake mannawa a gaban tasi mai ruwan ɗorawa ta kai sama da dala miliyan ɗaya a 2014, mutane suka ci bashi suka saya suna ganin sun sami abin barin gado. Da motocin da ake kira ta waya suka cika gari sai darajarta ta rushe, bashin kuwa yana nan. A 2018 direbobi da dama suka kashe kansu. Ni Allah ya tsare ni, hayar mota nake yi, amma ina da aboki da bashin ya kusa haukata shi. A kakar 2021 muka tare a ƙofar ofishin magajin gari dare da rana, wasu suka yi kwana 15 ba ci. Akwai ɗan Bangaladash, akwai ɗan Pakistan, ɗan Sin, ɗan Haiti, Bature ɗan gabashin Turai, da mu. Ba mu jin yaren juna sosai, amma kowa ya san adadin da ake binsa. Aka sauko da bashin zuwa dala 170,000. Cikin masu ƙin cin abincin har da wani matashin ɗan majalisar jiha, Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, wanda aka zaɓa magajin gari a Nuwamban 2025. Na san a gida an yi murna saboda Musulmi ne. A nan abin da ya yi ta faɗa shi ne haya da kuɗin bas da renon yara.

Kada ka ɗauka kanmu a haɗe yake kamar tsintsiya. Daga 2022 da sabbin baƙi suka yi ta kwararowa ta kan iyakar Meziko, cikinsu da samarin Senegal da Gini da Muritaniya masu kwana a masallatanmu, na ji baƙaƙen Amurka suna cewa su sun shekara da shekaru a layin gidan gwamnati, ga na jiya an ba shi otal. Maganar ta yi min zafi, amma na gane ta, zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mu ma a cikinmu, likitan da ke da gida a New Jersey da direban da ke haya a Bronx ba kullum suke son abu ɗaya daga gwamnati ba, ko da sahu ɗaya suke bi ranar Idi. A zaɓen 2024 wasu namu sun bi Trump saboda tsadar kaya da abin da ake koya wa yara a makaranta, wasu sun ƙi fita saboda Gaza. Akwai kuma talakawan Turawa, waɗanda in aka bi yawan kai sun fi talakawan baƙaƙe, amma an daɗe ana nuna musu cewa baƙi ne matsalarsu. Wannan ramin har yau ba a cike shi ba.

Na dawo kan yaron. Mahaifinsa ya musulunta yana saurayi, ya bi Imam Warith Deen Mohammed, jagoran Musulmi baƙaƙen Amurka, lokacin da ya juyo da jama'arsa zuwa Sunna bayan 1975, ya je Hajji sau ɗaya da kuɗin fanshonsa. Shi yaron ma'aikacin jinya ne a asibiti, na shekara shida ina ganinsa a sallar Asuba kafin in san yana son 'yarmu. Na yi bincike kamar yadda za ka yi a gida: na tambayi limaminsu, na tambayi maƙwabta, na zauna da mahaifiyarsa. Da na tambaye shi asali, ya lissafa min kakanni huɗu, ya ce daga nan sai takardar wani mai gona inda aka rubuta mutanensu da sunan fari kawai, kusa da farashinsu. Ya ce min watakila daga wajenku aka kamo mu. Ban iya ce masa komai ba, na tuna rinjin bayi da ke bayan garinmu da irin tambayar da mu ma muke yi in an zo neman aure.

Yarinyar tana sonsa, uwarta ta amince, ni ma na natsu. Amma na gaya musu ba za a sa rana ba sai da izininka. Mahaifinsa ya ce yana so ya nemi auren a wajenka da bakinsa, yadda ake yi a gida, har ya sa an koya masa gaisuwa da Hausa. In ka yarda, ranar Asabar bayan La'asar ɗinku za mu kira ka ta bidiyo, mu nan hantsi ne, zan zauna a tsakani in yi tafinta. Goro da alewa kuma na riga na tura kuɗinsu wajen autanmu, yana jiran abin da za ka ce.

Ka gaida Hajiya da kyau. Allah ya ƙara girma.

Ƙaninka.