Makarantu biyu sun dawo min da yarona, ina zan kai shi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Dan Allah shawara nake nema akan yarona na biyu, shekararsa huɗu da wata bakwai amma har yanzu baya magana sai kalma ɗai-ɗai, in kace masa kana son ruwa sai ya maimaita kana son ruwa maimakon yace eh, in ka kira sunansa sau goma bazai juyo ba amma tallar da yake so a talabijin ko yana ƙuryar ɗaki zai jiyo ya fito da gudu. Wasansa ɗaya ne, jera murafan lemo a layi, wani ya taɓa ɗaya kuwa ranar ba zaman lafiya. Bara muka kaishi asibiti likita yace galahanga ce, wai otizim. Mun sashi a makarantar kuɗi ta unguwarmu, zango ɗaya yayi suka kirani sukace yana hana yara karatu, baya zama a benci, in an buga ƙararrawa sai ya toshe kunne yayi ta ihu. Ta biyun ko sati uku bai cika ba ya dawo da shatin bulala a baya kuma shi ba bakin faɗa min wanda ya dake shi, wallahi Anti ranar kwana nayi ina kuka. Yanzu wata biyar kenan yana gida. Kakarsa ta wajen uba tace mu daina wahalar da kanmu iska ce a kaishi wajen mai magani, babansa kuma yace a bari ya ƙara girma bakin zai buɗe da kansa. Shin makarantar masu buƙata ta musamman zan nema ko in sake gwada ta sauran yara? Kuma islamiyya fa, yaya zanyi?

Maman Sadik, Kano

AMSA

Wa alaikumus salam Maman Sadik, sannu kinji, Allah ya saka miki da alheri akan ɗawainiyar yaron nan. Na karanta wasiƙarki har sau uku, wajen shatin bulalar nan ya tsaya min a rai sosai, kuma kinyi daidai da kika cire shi. Yaron da baya iya kai ƙara ba'a barinsa ko kwana ɗaya a inda ake dukansa.

Bari in fara da maganar babansa, cikin girmamawa ki faɗa masa jira ba zai amfani Sadik ba. Shekarun nan na farko sune ƙwaƙwalwar yaro tafi saurin kama abu, duk watan da ya wuce yana zaune ba mai koya masa komai asara ce. Kuma ba laifinki bane ba laifin babansa bane, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarsa, akwai gado a ciki sosai, kuma ba allurar rigakafi ke kawo shi ba kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp, binciken da ya fara wannan maganar a Ingila a 1998 mujallar da ta buga shi da kanta ta janye shi a 2010 bayan an gano ba gaskiya a ciki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan yaro ɗaya cikin 100 na da wannan lalurar, kuma anfi ganinta a maza. Kinga ba ke kaɗai bace, suna nan da yawa a cikin gidajenmu an ɓoye su a ɗaki.

Ita kuma Hajiya kada kiyi jayayya da ita, soyayyar jikanta ce ta sa take faɗin abinda ta sani. Addu'a da tofi ba wanda zai hana, muma munayi. Abinda bazaki yarda dashi ba shine a kaishi inda za'a ɗaure shi ko a dake shi ko a turara masa hayaƙi ko a ɗura masa jiƙon da ba'a san me ke ciki ba. In da hali ranar komawa asibiti ku tafi tare da ita taji daga bakin likita, sau da yawa kakar da ta fahimta ita ke zama babbar garkuwar yaron a dangi.

Kafin ki taka ƙofar wata makaranta ki koma asibiti tukuna, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ɓangaren yara ko kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, masu karatu na Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya dake Barnawa, na Sakkwato kuma akwai na Kware. Ki roƙi ayi masa gwajin ji, duk da yana jiyo talabijin gara a tabbatar, ki faɗawa likita in kin taɓa ganin ya ƙame ko ya zuba ido waje ɗaya baya motsi domin farfaɗiya tafi yawa a yaran nan akan sauran yara. Sannan ki nemi a rubuta miki rahoto a takarda, abinda yake iyawa da inda yake buƙatar taimako, a kuma haɗa ki da masu koyar da magana. Takardar nan tana canza yadda hedimasta zai saurare ki.

Toh yanzu ainihin tambayarki. Gaskiya Maman Sadik sunan dake jikin allon ƙofar makaranta ba shine zai koyar da ɗanki ba, malamar da zai wuni a hannunta ita ce makarantar. Mutane suna jin an ce masu buƙata ta musamman sai su ɗauka duk abu ɗaya ne, alhali makaranta irin ta Tudun Maliki anfi saninta da karatun kurame da makafi, kuma abinda kurma ke buƙata daban da na mai otizim, shi Sadik yana ji, sautin ne ma yake masa yawa har ya zame masa ciwo, shi yasa yake toshe kunne in an buga ƙararrawa, ba iskanci bane ba rashin tarbiyya bane. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu na irin yaran nan, wasu suna aiki tsakani da Allah wasu kuma kuɗin ne kawai da fenti mai kyau. Haka ma makarantun sauran yara, na sha ganin ƙaramar makarantar unguwa mai aji ɗan madaidaici da malama mai haƙuri ta fitar da yaro fiye da inda ake biyan maƙudan kuɗi.

Saboda haka kije da ƙafarki ki gani, kuma kada ki tsaya a ofis, kice a barki ki zauna a bayan ajin ko na rabin awa ne, in son samu ne ki kai har lokacin tara kiga yadda ake da yara a fili. Ki ƙirga yaran ajin, in sun kai arba'in ko hamsin a hannun malama ɗaya to ko waliyyiya ce bazata iya da Sadik ba. Ki duba teburinta ko akwai tsumagiya. Ki lura in yaro yayi kuka me takeyi, tsawa take daka masa ko durƙusawa take daidai tsayinsa tayi masa magana. Ki duba get ɗin makarantar da kyau ko ana rufewa kuma akwai maigadi a zaune, domin yaran nan da yawa suna da saurin sulalewa su fita titi basu san haɗari ba, in akwai rijiya ko kududdufi kusa wannan ma ki sa a lissafi. Ki leƙa banɗaki ki tambaya waye ke raka yaro in bai gama iya tsarki ba. Sai ki tambayi malamar kai tsaye, in ya kwanta a ƙasa yana ihu me zakiyi? Amsar da ta baki ta ishe ki yanke hukunci. Wadda tace zamu gyara miki shi a sati biyu ki gode mata ki kama hanya, wadda tace ban taɓa koyar da irinsa ba amma ki nuna min yadda kike masa a gida, to wannan ki riƙe ta da kyau.

Kuma dan Allah kada ki ɓoye lalurarsa dan a karɓe shi, iyaye da yawa sunayi saboda tsoron kora, ƙarshe abin ya fashe a sati na biyu. Ki rubuta shafi ɗaya akansa ki basu, abinda yake so, abinda ke firgita shi, yadda yake nuna yana jin fitsari ko ƙishirwa, da abinda ke kwantar masa da hankali, har murafan lemon nan ki saka, malama mai dabara da su zata koya masa ƙirga da launi. Ku fara da awa ɗaya ko biyu a rana, a ɗauke masa asambuli da farko, a zaunar dashi nesa da ƙararrawa da janareta, in ya saba a ƙara. Ku sayi ƙaramin littafi da zai riƙa yawo a jakarsa, malama ta rubuta yadda ya wuni ke kuma ki rubuta yadda ya kwana. Duk zango ku zaɓi abu biyu ko uku kawai, misali ya zauna minti goma, ya nemi ruwa da kansa, ya amsa sunansa, rubutu da karatu zasu biyo baya.

In yanayinsa yana buƙatar mai zama kusa dashi a aji, wadda ake kira shado ticha, ba dole sai mai tsada ba. Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, akwai matasa da suka gama suna neman aiki, haka waɗanda suka fito daga kwalejin ilimi ta tarayya ta musamman dake Oyo. Kije sashen ki tambaya, ku daidaita akan abinda zaku iya biya, wasu iyayen ma su biyu suke haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya.

Ki kuma san cewa doka tana bayanki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a watan Janairun 2019 ta basu haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da sauran yara. A aikace abin da saura sosai, wannan kowa ya sani, amma in zaki ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ki shiga da sanin haƙƙin ɗanki kika zo nema.

A gida kuma ki ɗauki hoton kofinsa da buta da abincin da yake so ki wanke su ki manna a bango daidai tsayinsa, in yana son abu ki kama hannunsa ya taɓa hoton ki faɗi sunan abin da kalma ɗaya sannan ki bashi nan take. Wannan baya hana magana fitowa, taimaka mata ma yakeyi. Masu tallar maganin da wai yana warkar da otizim a wata ɗaya kuwa ki riƙe kuɗinki, babu wannan maganin.

Islamiyya a yanzu ina ganin hayaniyar yara suna ɗaga murya gaba ɗaya zata yi masa yawa, gashi mafi yawansu da bulala a hannun malam. Ki samu malama mai sanyin hali tazo gida minti goma sha biyar bayan la'asar, kullum lokaci ɗaya waje ɗaya. Maimaita maganar nan da yakeyi tana damunki na sani, amma alama ce kunnensa yana kamawa yana ajiyewa, ki fara masa da Fatiha da ƙananan surori a hankali kiga ikon Allah. In kun dawo daga gwajin jin ki sake rubuto min inji me likita yace, ki gaida min Sadik da Hajiya.