Kafaɗata ta sandare, barci ya gagara: allura, gashi ko tiyata?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekaruna 52, kuma ina da ciwon suga. Wata biyar ke nan kafaɗata ta hagu ta fara ciwo, ban faɗi ba, ban ɗauki kaya mai nauyi ba. Yanzu ɗaura ɗankwali da sa hijabi sai an taimaka mini, hannun ba ya kaiwa bayana, da daddare kuwa in na juya a kanta sai na farka da salati. An yi hoto an ce ƙashi lafiya lau. An kai ni wajen mai ɗori ya ja hannun, ciwon ya ƙaru. A asibiti likita ya ce sandarewar kafaɗa ce, ya ce ko allura a cikin gaɓar ko gashi, wato motsa gaɓar a wurin masu gashin ƙashi, in ba a dace ba har tiyata ana yi. Ina tsoron allurar saboda sugana. Wanne zan zaɓa, kuma yaushe zan warke?

Wata mai karatu daga Gusau

Amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da jiki, Allah ya ba ki lafiya. Abin da kika bayyana ya yi daidai da abin da likitanki ya faɗa. A wata na biyar, da ciwon dare irin wannan, shawararmu ita ce ki yarda a yi allurar, ki haɗa da motsa hannu mai sauƙi, maganar tiyata kuma a jingine ta tukuna. Ciwon suga ba ya hana allurar, shiri yake buƙata.

Kan ƙashin dantse, inda ya zauna a gurbinsa jikin allon kafaɗa, a lulluɓe yake da wata jaka mai laushi da yalwa, ita ce ke ba hannu damar juyawa kowane ɓangare. A wannan ciwo jakar ce ke kumbura, daga baya ta yi kauri ta tsuke, kamar fatar da aka jiƙa aka bari a rana. Gaɓar da a da take ɗaukar ruwa fiye da mililita 15 sai ta koma da ƙyar take ɗaukar 5 zuwa 10. Ƙashi bai karye ba, bai goce ba, shi ya sa hoto bai nuna komai ba, shi ya sa kuma mai ɗori ba shi da abin da zai mayar. Jan da aka yi miki ƙara tayar da kumburin ya yi, don Allah kada a sake. Ƙaho da tsaga ma ba sa kaiwa inda ciwon yake, ga shi kuma rauni a fatar mai suga bai cika warkewa da wuri ba.

Akwai gwajin da za ki iya yi a gida. Ki manna gwiwar hannu a jikinki, a lanƙwashe, yatsu na kallon gaba. Wani ya kama wuyan hannun ya buɗe shi waje a hankali, ke kuma ki sake jiki. A gwada da dama, a gwada da hagu. Mai ciwon zai tsaya cak, sau da yawa ko rabin ɗan'uwansa bai kai ba. A nan ya bambanta da yagewar jijiyoyin kafaɗa, inda mutum zai kasa ɗaga hannu da kansa amma in aka ɗaga masa sai ya tafi. Hoton da kika yi bai tafi a banza ba, domin zaizayewar gaɓa da tsohuwar gocewa da ƙari a ƙashi su ma suna hana wannan juyi, kuma hoton ne ke kawar da su. In gwajin likita da hoton sun yi daidai, ba lallai sai an kashe kuɗin MRI, hoton da ke nuna jijiyoyi da tsoka, ba.

Ciwon ya fi kama 'yan shekara 40 zuwa 60, mata sun fi maza. A cikin jama'a mutum 2 zuwa 5 cikin 100 ne ke gamuwa da shi, amma a masu suga yakan kai 10 zuwa 20, kuma nasu ya fi taurin kai da daɗewa. Yana biyo bayan matsalar tayirod, wato ƙullin da ke gaban wuya wanda kumburinsa ke kawo maƙoƙo, da shanyewar ɓarin jiki, da tiyatar mama, da daɗewar hannu a rataye bayan karaya. Duk wanda kafaɗarsa ta sandare haka kawai, bai san yana da suga ba, ya je a auna shi.

Yana tafiya ne mataki uku, kowanne da abin da ya dace da shi, kuma yawancin wahalar da mutane ke sha daga yin maganin wani mataki a lokacin wani take. Na farko shi ne na zafi, wata 2 zuwa 9, ciwo dare da rana, motsi na raguwa. A nan kike. Na biyu wata 4 zuwa 12, zafin ya lafa sai in an kai hannu ƙarshen inda yake tsayawa, amma kafaɗar ta ƙage. Na uku shi ne na sakewa a hankali, daga wata 6 har shekara 2. Jimilla ana maganar shekara 1 zuwa 3. Mun san jin wannan ba daɗi, amma gara ki sani tun yanzu da ki yi ta yawon neman magani kina zaton an kasa gano ciwonki. Yawancin mutane suna komawa harkokinsu, ko da yake wasu, musamman masu suga, sukan rage da ɗan tauri wajen kai hannu baya.

Allurar sitiroyid ce, galibi tirayamsinolon ko metilfiredinisolon kimanin miligiram 40, haɗe da maganin kashe zafi, a zuba cikin gaɓar kanta. Aikinta kwantar da kumburi, don haka a matakin farko take da amfani sosai. In aka jira har zafin ya wuce, saura tauri kaɗai, amfaninta ya ragu ƙwarai. Akan fara jin sauƙi cikin kwanaki kaɗan zuwa mako biyu, sauƙin kuma yakan ɗauki mako 6 zuwa 12. Ba ta yanke ciwon gaba ɗaya. Bayan shekara guda, wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba sukan kusa zama ɗaya. Abin da take saya miki shi ne barci da damar motsa hannu a watannin da suka fi tsanani, kuma a wurinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wadda ta yi wata biyar ba ta runtsa da kyau ba.

Tsoronki game da suga yana kan hanya. Allurar tana ɗaga shi, ya fi hawa a kwana 1 zuwa 3 na farko, ya sauko cikin mako guda, wani lokaci biyu. Kafin a yi, a duba gwajin HbA1c ɗinki, wato gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suganki na wata biyu zuwa uku da suka wuce. Idan sugan ya yi sama sosai, likita zai fara daidaita shi sannan a sa rana. Bayan an yi, ki riƙa aunawa da safe kafin ki karya, da kuma awa biyu bayan abincin rana ko na dare, har tsawon mako guda, kina rubutawa. Kada ki tsallake maganinki ko sau ɗaya, ki rage tuwo da shinkafa da kayan zaƙi a makon. In kina allurar insulin, ki tambayi likitan suga tun kafin ranar yadda za a gyara adadin. Idan awon ya haura 15, wato 270 a na'urar da ke ƙirga da ɗaruruwa, ya ƙi sauka, ko ya zo da ƙishirwa mai tsanani da yawan fitsari da amai, ki tafi asibiti a ranar.

Ciwon kafaɗar na iya ƙaruwa kwana ɗaya ko biyu bayan allurar, wannan ba abin tsoro ba ne. A baƙar fata wurin da aka soka yakan ɗan yi fari na wasu watanni. Abin da ba a wasa da shi shi ne zazzaɓi da kumburi da zafin wurin bayan kwana biyu ko uku, domin alamar ƙwayar cuta ta shiga gaɓa ce, ko da yake da wuya hakan ke faruwa in an yi da tsafta. Likitan ƙashi ne zai yi ta, in da hali da na'urar sikanin tana nuna masa hanya. Allurar da za a yi miki a ɗuwawu a kemis ba ita ba ce. In ta farko ta yi amfani zafin ya dawo, ana iya maimaitawa bayan aƙalla mako shida, amma ba a so a wuce uku.

Magungunan sha taimako suke yi kawai. Farasitamol giram 1, wato ƙwaya biyu masu 500, har sau huɗu a rana, kada a wuce giram 4. Aibufurofin da daikulofenak suna rage zafi, amma ga mai suga sai an duba ƙoda da hawan jini, kuma mai gyambon ciki ya nisance su. Ba a haɗa waɗannan biyun a sha tare, ba a kuma shafe watanni ana sha. Ki guji haɗin kemis da ake ƙullawa a leda, domin sau da yawa akwai deksametason ko firedinisolon a ciki, su kuwa sun fi allurar da kike tsoro illa ga suganki, tunda kullum ake shan su ba mai lura. Tiramol ba maganin wannan ciwo ba ne.

Gashi kuma ba kishiyar allura ba ne, tare suke tafiya. Sai dai a matakin da kike, mai gashin da zai danne ki ya murɗa hannu har ki yi kuka ƙara miki ciwo zai yi. Ma'aunin shi ne: jin ja da ɗan zafi ba laifi, amma in zafin ya wuce awa biyu bayan an gama, ko daren ya fi na jiya muni, an wuce gona da iri, a rage. Ki fara da ɗumama kafaɗar minti 10 zuwa 15 da tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi, ki fara taɓa ruwan da lafiyayyen hannu don kada ki ƙone. Sannan ki dafa tebur da dama, ki sunkuya, ki saki hannun hagu yana lilo gaba da baya da kewaye, minti ɗaya ko biyu. Ki zauna ki ɗora tafin hannu a kan tsumma bisa tebur, ki tura shi gaba a hankali. Ki kwanta rigingine, dama ta kama wuyan hagu ta ɗaga shi sama zuwa inda ya tsaya. Sau biyu ko uku a rana ya isa.

Ranar da kika lura kina kwana ba ki farka ba, lokacin miƙewa da gaske ya yi. Ki kwanta ki riƙe muciya ko sanda da hannu biyu, gwiwar hagu manne da jiki, dama ta tura hagu waje. Ki fuskanci bango ki hau shi da yatsu, kina sa alama da alli duk mako. Ki riƙe tawul ta baya, dama a sama tana jan hagu. Kowanne ki tsaya daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku zuwa biyar. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗage kafaɗa zuwa kunne ko karkatar da jiki, sai a ga kamar hannu ya hau alhali gaɓar ba ta motsa ba. Ki yi a gaban madubi. Ci gaban da mako ake auna shi, wani lokaci ma da wata.

Wajen kwanciya, ki kwanta a dama ki rungume filo da hagu, ko rigingine da ƙaramin filo ƙarƙashin dantse don kada gwiwar hannu ta faɗa baya. Wajen sa riga hagu ce farko, wajen cirewa ita ce ƙarshe, riga mai buɗewa ta gaba kuma ta fi sauƙi. A sauko miki da kayan girki daga saman kanta. Daka da jan guga da cira jika sama da hannu ɗaya ki bar wa yara, amma kada ki rataye hannun ko ki daina amfani da shi, domin zama wuri ɗaya ƙara ƙage shi yake. A salla ki ɗaga hannu iya inda ya tsaya, in za ki tashi daga sujada ki dogara da dama.

Idan an yi wata shida ko fiye ana wannan da gaske, taurin kuma ya hana ki rayuwa, akwai matakai na gaba. Ana iya ɗura ruwan gishiri mililita 20 zuwa 40 tare da sitiroyid cikin gaɓar don a buɗa jakar, ba tare da an sa ki barci ba. Ana iya sa ki barci likita ya juya hannun har jakar ta saki, abin da ke da haɗarin karaya ko gocewa ko taɓa jijiya, musamman ga mai raunin ƙashi. Ana kuma iya shiga da kyamara ta ƙananan ramuka a yanka jakar. Wani babban bincike a Birtaniya da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya raba marasa lafiya 503 daga asibitoci 35 gida uku: gashi tare da allura, juya hannu a cikin barci, da tiyatar kyamara. Bayan shekara guda babu wanda ya yi wa sauran fintinkau, tiyatar kuma ita ta fi tsada da yawan matsaloli masu tsanani. Ko an yi ta, gashin na nan yana jira tun daga kwanakin farko, in ba haka ba jakar ta sake tsukewa. Irin wannan shawara a manyan asibitoci ake yanke ta, kamar Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko asibitocin koyarwa.

Kada ki jira ranar ganin likita idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko tari mai daɗewa, ko kumburin da ake gani, ko hannu ya mutu yatsu na dindiris. Tunda hagu ce kuma kina da suga, ciwon da ke tasowa in kin yi tafiya ko hawan bene, tare da nauyin ƙirji ko gumi ko haki, na zuciya ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Kafaɗar da ta warke da wuya ciwon ya sake kama ta, amma yakan koma ɗayar cikin 'yan shekaru, kuma masu suga sun fi fuskantar haka. In kika ji dama ta fara ciwon dare, ki maimaita gwajin buɗe hannun nan, ki je wurin likita tun a makonnin farko, lokacin da allura ta fi aiki. Allah ya ƙara sauƙi, Hajiya.