Ramin 'yan zinariya ya karya min saniya, wa zai cike shi?

Tambaya: Ustaz, salamu alaikum. Ina zaune a jihar Gadarif ta Sudan, ina da gona da 'yan shanu ta wajen Butana. Shekara uku ke nan masu haƙar zinariya suka tona ramuka gab da gonata, da suka ga ba riba suka kwashe injinansu suka yi gaba. Da damina ramukan sukan cika da ruwa, bana saniya ta biyu ke nan ta faɗa ta karye. Ɗana ya gani a Facebook wai gwamnati na ba da kuɗin cike irin waɗannan ramuka. A ina ake karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Kawu. Allah ya mayar da alheri.

Abin da ɗanka ya gani gaskiya ne, amma labarin Amurka ne. Tun 1977 dokarsu ta sa kamfanonin kwal biyan wani abu a kan kowane tan, kuɗin na taruwa a asusun gyaran tsofaffin mahaƙai. A 2021 suka ware dala biliyan 11.3 don wannan aiki, da biliyan 4.7 don toshe rijiyoyin mai da gas da masu su suka gudu suka bari. Ko can ma ba a danƙa wa manomi a hannu, jihohi ake ba su ɗauki ɗan kwangila. Saboda haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya cika maka takardar karɓa, ɗan damfara ne.

A nan Sudan maganarka ta rataya a kan tambaya ɗaya: wa ya tona ramin?

In kamfani ne mai lasisi, ka samu wanda za ka riƙe. Sashe na 138 na dokar mu'amalar farar hula ta 1984 ya ce duk wanda aikinsa ya jawo wa wani cuta, sai ya biya. Kana iya neman kuɗin shanun, da amfanin gonar da ka rasa, ka kuma roƙi kotu ta sa su kawar da cutar, wato su cike ramin. Kada ka yi sanya, domin irin wannan ƙara ba a sauraronta bayan shekara biyar daga ranar da ka san ɓarnar da wanda ya yi ta. Za su iya ce maka filin ba naka ba ne, tunda daga 1970 ƙasar da ba a yi wa rajista ba ta gwamnati ce. Haka ne, amma saniyar taka ce, haƙƙin noma wurin ma naka ne.

In kuwa dahhaba ne, wato masu haƙar zinariya na gargajiya, kowa da gatarinsa da na'urar neman zinariya, yau suna Butana gobe suna Abu Hamad, to shari'a da su neman jini ne a jikin babe. Nan sai ka nufi mahalliya, wato ƙaramar hukuma, da kuma kamfanin ma'adanai na gwamnati, wanda ke karɓar kason hukuma a kasuwannin zinariya, yake kuma kula da lafiyar mahaƙai da kuɗin taimakon al'ummar yanki. Gaskiya ɗaya ce, Kawu, wannan kuɗin roƙonsa ake yi, ba bashi ba ne da alƙali zai ƙwato maka. Takardar mutum ɗaya takan kwana a aljihun tebur. Ku haɗu, makiyaya da manoma, omda, wato dagaci, ya sa hannu, ku ƙirga ramukan da dabbobin da suka salwanta. Ku tuna musu cewa a Disambar 2021 mutum 38 suka mutu a Kordofan ta Yamma cikin mahaƙar da aka riga aka rufe.

Kafin duk wannan, kada ka cike ramin da kanka, shaidarka za ka binne. Ɗanka ya ɗauki hoto ramin da saniyar a ciki ko a gefensa, likitan dabbobi ya rubuta rahoto da kiyasin kuɗinta, ka kai balag, wato rahoton ƙorafi, wurin 'yan sanda, ka riƙe lambarsa. Sannan ka kewaye bakin ramin da ƙaya.

In sun wanke ƙasa a wurin, kada dabba ko yaro ya sha ruwan, saboda gubar zaiba. Gwamnati ta hana amfani da zaiba a haƙar zinariya tun Oktoban 2019, amma wanda ya shiga kasuwar zinariya ya san ba a daina ba. Ka tambayi waɗanda suka yi musu dako ko suka sayar musu da ruwa sunan mai injinan, da shi za mu san ƙofar da za mu fara bugawa.