Tambaya da Amsa: Shin Alƙahira Birnin Fir'auna Ce, Kuma Me Ya Kamata Baƙo Ya Gani a Cikinta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar Islamiyya ne a Jega ta Jihar Kebbi. Ɗana ya samu gurbin karatu a Jami'ar Azhar, kuma zan raka shi, ina sa ran yin kamar mako guda a can bayan an gama rajista. Shin gaskiya ne Alƙahira ita ce garin da Fir'auna ya zauna? Sannan ban da dalar nan da muke gani a talabijin, me ya kamata mutum irina ya je ya gani?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya sanya wa karatun yaron albarka, ya kai ku lafiya.

Alƙahira ba birnin Fir'auna ba ce. An aza harsashinta a shekarar 969 Miladiyya, wato sama da shekara dubu biyu bayan zamanin da masana ke kirdadon Annabi Musa (AS) ya rayu. Fir'aunoni sun yi mulki daga garuruwa daban-daban, daga ciki akwai Manf, wadda kufanta yake kimanin kilomita 20 kudu da Alƙahira, da kuma garin da yanzu ake kira Luksor, can nesa a kudancin ƙasar. Dalar Giza kuwa kaburburan sarakuna ne a yammacin Kogin Nilu. Babbar cikinsu, ta Sarki Hufu, ta kai kimanin shekara 4,500, kuma tsawonta na asali ya kai mita 146. An gina ta fiye da shekara dubu kafin zamanin Annabi Musa, don haka zancen da ake yi cewa Banu Isra'ila ne suka yi aikinta ba shi da madafa. A shekarar 2021 an kwashe gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 zuwa wani sabon gidan tarihi a unguwar Fusɗaɗ, cikinsu har da ta Ramsis na Biyu, wanda mutane da yawa ke cewa shi ne Fir'aunan Musa. Alƙur'ani bai ambaci sunansa ba, masana tarihi kuma ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, saboda haka idan ɗan jagora ya yi maka rantsuwa a kai, ka saurare shi kawai.

Abin da zai sauƙaƙa maka fahimtar Alƙahira shi ne ka san cewa garuruwa ne da dama da aka yi ta kafawa ɗaya a gefen ɗaya, daga kudu ana yin arewa, har suka haɗe. Wanda ya bi su a jere zai ga tarihin Musulunci a Masar yana tafiya a gabansa, wanda kuwa ya bar wa direban tasi zaɓi zai dawo da hotuna barkatai ba tare da ya san wanne ya riga wanne ba.

Na farkonsu shi ne Fusɗaɗ, wanda Sahabi Amru ɗan Asi (RA) ya kafa a wajajen 641, zamanin halifancin Sayyidina Umar, bayan ya ci Masar daga hannun Rumawa. Masallacinsa yana nan ana salla a cikinsa, kuma shi ne masallaci na farko a ƙasar. An rushe shi an sake ginawa sau da yawa, don haka ginin da za ka gani ba na Sahabbai ba ne, amma filin shi ne dai wanda suka tsaya a kansa. 'Yar tafiya kaɗan daga nan akwai ragowar ganuwar Rumawa da tsofaffin majami'un Kibɗawa, Kiristocin Masar waɗanda Musulunci ya tarar da su, kuma har yau suna nan da yawansu.

Daga nan sai masallacin Ahmad ɗan Ɗulun, wanda aka gama a 879, kuma a ganina shi ne wurin da baƙi suka fi yi wa rashin adalci, domin da yawa ba sa ma zuwa. Da jan bulo aka gina shi, yana da fili makeke a tsakiya wanda rumfuna suka kewaye, kuma ya ci gaba da zama kusan yadda aka gina shi tun farko. Hasumiyarsa daban take da sauran na garin, don matakalarta ta waje take, tana naɗe da jikin ginin har sama. Idan ka hau, za ka ga rufin gidajen unguwar da shanya a kansu, da kejin tattabaru da Misirawa ke kafawa a saman bene, da hasumiyoyi iya ganinka. Ka je da hantsi, lokacin da babu kowa sai masu gadi da 'yan tsirarun baƙi, ka zauna a inuwar rumfa ka duba rubutun ayoyi da aka sassaƙa a katako a ƙarƙashin rufin.

Alƙahira ta ainihi Faɗimiyyawa ne suka kafa ta, ta hannun kwamandansu Jauhar, a madadin Halifa Mu'izzu. An fara ginin Azhar a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a 972. Abin da mutanenmu da yawa ba su sani ba shi ne Faɗimiyyawa 'yan Shi'a Isma'iliyya ne, kuma don yaɗa aƙidarsu aka fara karantarwa a masallacin. Salahuddin Ayyubi ne ya kawo ƙarshen daularsu a 1171, aka dakatar da Juma'a a Azhar kusan shekara ɗari, sai a zamanin Sarki Baibars aka dawo da ita, kuma daga nan ne ya bunƙasa ya zama cibiyar karatun Ahlus Sunna da muka sani. Tsohon birnin yana da ƙofofi uku na dutse da suka saura, Babul Futuhi da Babun Nasri a arewa, da Babu Zuwaila a kudu, duka an gina su tsakanin 1087 da 1092. Titin Mu'izzu ya ratsa daga Babul Futuhi zuwa Babu Zuwaila, tafiyar kimanin kilomita ɗaya, amma mai son kallo sai ya yi yini bai ƙare ba.

Yawancin abin da ke kan titin nan aikin Mamlukawa ne, bayin da aka horar da su soja suka karɓe mulki daga 1250 zuwa 1517. Akwai ginin Sarki Ƙalawun na 1285, wanda ya haɗa makaranta da hubbare da asibitin da ake duba marasa lafiya kyauta daga dukiyar waƙafi. A gindin tudun fadar Salahuddin kuma akwai makarantar Sarki Hasan, wadda aka fara a 1356, inda aka ware wa kowace mazhaba daga cikin huɗun nan sashenta. Ka nemi a nuna maka na Malikiyya. Mulkin Mamlukawa ya ƙare ne lokacin da Sarkin Turkawa Salim na Ɗaya ya ci garin a 1517, aka rataye sarkinsu na ƙarshe, Ɗuman Bai, a Babu Zuwaila. Wannan ya zo daidai da shekarun da Kanta ya yi wa Askiya na Songhai tawaye ya tsayar da daular Kabi, don haka idan ka tsaya a ƙofar nan, ka san cewa ta riga ganuwar Surame, birnin Kanta, da sama da shekara ɗari huɗu.

A nan ne nake son ka daɗe, Malam, domin alaƙar ƙasashenmu da wannan gari tsohuwa ce ƙwarai. Tun a ƙarni na 13 sarakunan Kanem suka sa aka gina wa ɗalibansu da alhazansu makarantar Malikiyya a Fusɗaɗ, daga baya kuma Azhar ya keɓe wa mutanen Barno zaurensu na musamman. Mansa Musa na Mali ya sauka a Alƙahira a 1324 a hanyarsa ta Makka, ya yi ta kyautar zinariya har darajarta ta faɗi na tsawon shekaru. Tafsirin Jalalaini da ake jan baƙinsa a masallatan Jega da Gwandu da Argungu duk watan azumi, malamai biyu 'yan Alƙahira ne suka rubuta shi, Jalaluddin Mahalli da almajirinsa Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. Suyuɗin nan ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, kuma Shehu Usmanu da ƙaninsa Malam Abdullahi na Gwandu sun yawaita kafa hujja da shi. Muhtasar, wanda ɗalibin fiƙihu a ƙasar Hausa ba ya jin ya isa sai ya sauke shi, a nan Shaihu Halil ya rubuta shi a ƙarni na 14. Shi kansa babban tafsirin Malam Abdullahi, Liya'ut Tawili, a Alƙahira aka buga shi a 1961. Idan ka zagaya bayan masallacin Azhar za ka tarar da lungunan masu sayar da littattafai, shago na manne da shago, littattafai jibge har rufi, kuma farashin ya fi na gida sauƙi, sai dai ka yi lissafin nauyin kayan da jirgi zai yarje maka.

Ga mai son ziyarar magabata, akwai babbar maƙabartar Ƙarafa. A can hubbaren Imamu Shafi'i yake, wanda ya rasu a 820, da ƙubbarsa da aka gina a 1211, kuma a can aka binne Ibnul Ƙasim, almajirin Imamu Malik, da shi kansa Suyuɗi. A 'yan shekarun nan aikin sababbin tituna ya ci wasu sassan maƙabartar, abin da ya ɓata wa masana tarihi rai matuƙa, kuma da gaskiyarsu. Kada ka shiga kai kaɗai, ka nemi ɗalibinmu da ya san hanya.

Fadar Salahuddin, wadda aka fara a 1176, ta cancanci rabin yini, mafi yawa don daga kanta ake hango garin gaba ɗaya. Masallacin Muhammad Ali, wanda ya mulki Masar, mai ƙubbobi irin na Turkawa da ke cikinta na ƙarni na 19 ne. Tsakiyar gari ta zamani, wajen Dandalin Tahrir, Isma'il jikan Muhammad Ali ne ya shimfiɗa ta da fasalin Turai a lokacin buɗe mashigin ruwan Suwes a 1869. Dala kuwa safiya ɗaya ta isa, sai ka haɗa da sabon babban gidan tarihin da ke kusa da su, inda aka mayar da kayan Sarki Tutankamun. Masu raƙuma da dawaki a wurin sun iya baki, don haka ku gama ciniki tsaf, har da kuɗin saukowa, kafin ka hau.

Game da mutanen garin, Alƙahira da kewayenta ta haura mutum miliyan 20, kuma cunkoson motoci ba ya yankewa dare da rana. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, ya fi tasi sauri da arha, amma ka lura akwai taragun da aka keɓe wa mata. Larabcin titi ya sha bamban da na littafi, za su fahimce ka idan ka yi Larabcin makaranta, kai ne za ka sha wuyar fahimtarsu a kwanakin farko, kuma haka yaron zai yi fama na 'yan watanni. Misirawa mutane ne masu barkwanci da son hira, suna kuma girmama duk wanda aka ce ɗalibin Azhar ne. Abincin talaka shi ne ful, wato dafaffen wake da mai da gurasa, da ɗa'amiyya wadda ƙanwar ƙosai ce, da koshari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa. A kasuwar Hanul Halili, daura da masallacin Sayyidina Husaini, farashin farko na baƙo ne, ka taya da rabi ko ƙasa da haka ba tare da jin kunya ba.

Yawancin tsangayoyin jami'ar yanzu ba a tsohon masallacin suke ba. Tun bayan dokar 1961 da ta shigo da likitanci da injiniyanci da sauransu, da yawansu suna unguwar Madinatu Nasr, ɗalibai baƙi kuma suna da masauki a Madinatul Bu'us, ko da yake ba kowa ke samun ɗaki a can ba. Amma har yanzu ana zaman karatu irin na zaure a cikin masallacin Azhar, malami a kan kujera ɗalibai a ƙasa, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Ina ba ka shawara ka kai yaron da kanka ku zauna a darasi ɗaya ko biyu, don ya saba da wurin tun kana nan. Idan tafiyarku ta faɗa tsakanin Disamba da Fabrairu, ku tafi da rigunan sanyi masu kauri da bargo, domin sanyin can ya fi hunturunmu ratsa jiki.