Ku Tambayi Baba: Tsalle da laima daga kan dutse ko ƙarfen sabis

Tun da bidiyon mutanen nan masu dirowa daga saman dogon benen Dubai ya shiga wayoyin mutane a nan Gusau, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka karkata can. Na zaɓi uku. Sabbin masu karatu su sani cewa ni tsohon soja ne, a Jaji aka koya mini sauka da laima daga jirgi. Wasan da ake tambaya a kai, wanda ake kira BASE, wato dirowa da laima daga gini, ƙarfen sabis, gada ko dutse maimakon jirgi, ban yi shi ba, amma laima da iska na san halinsu, kuma na daɗe ina bin labarin masu yin sa.

TAMBAYA: Baba, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni mai walda ne a Bungudu, shekarata 22. Hawa sama ba ya ba ni tsoro, don kullum a kan ƙarfen rufi nake aiki. Na ga ana sayar da laima ta gwanjo a intanet, kuma na fara tara kuɗi. Niyyata in fara da wuri gajere, kamar ƙarfen sabis ko wani gefe na Dutsen Kwatarkwashi, in na ƙware sai in nemi mai tsawo. Ta yaya ake koyo?

AMSA: Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ka riƙe kuɗinka tukuna, domin lissafin naka a juye yake. A wannan harka wuri gajere shi ne na ƙwararrun ƙwararru, mai koyo kuwa daga can ƙololuwar sama yake farawa.

Dalilin shi ne lokaci. Mutumin da ya saki kansa yana cin kusan mita 5 a daƙiƙar farko, kusan mita 20 a daƙiƙa biyu, mita 44 a daƙiƙa uku. Ƙarafan sabis da muke gani a garuruwanmu galibi ba su wuce mita 50 zuwa 60 ba, wato daƙiƙa uku da ɗan kai ke tsakaninka da ƙasa. A cikin wannan ɗan lokaci ake so 'yar ƙaramar laimar da ke janyo babbar ta kama iska, ta buɗe jaka, igiyoyi su miƙe, babbar ta cika, kai kuma ka kama linzamai ka juya ta inda za ka sauka. Mai tsalle daga jirgi yana fita ne a wajen mita 4,000, ya buɗe laimarsa da sauran kusan mita 1,000 a ƙarƙashinsa. Idan ta harɗe yana da sararin yanke ta ya buɗe ta biyu, kuma a jakarsa akwai 'yar na'urar da ke buɗe ta biyun da kanta idan ya suma. Jakar mai BASE laima ɗaya ce a ciki, domin ko an sa ta biyu babu lokacin buɗe ta.

Akwai kuma abin da bidiyo ba ya nunawa. Wanda ya fito daga jirgi nan take iska mai ƙarfi ke tarbar jikinsa, da ita yake daidaita kansa, ya baje hannu da ƙafa ya kwanta a kanta. Wanda ya taka daga bakin dutse cikin mataccen iska yake faɗawa, sai bayan wasu daƙiƙoƙi gudu ke taruwa har iskar ta zama abin dogaro. Idan ya fita kansa ya rinjaya ƙasa, haka zai ci gaba da wuntsilawa, kuma laimar da ta fito mutum yana juyi tana iya naɗe masa ƙafa ko ta buɗe a karkace. Shi ya sa masu koyo ke shafe lokaci suna maimaita fita kawai, a tafkin ninkaya ko a rataye da igiya: ƙirji gaba, haɓa sama, ido a kan inda sama ta haɗu da ƙasa.

Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke kashe su kuwa shi ne abin da suka yi tsalle daga kansa. Laimar zamani kamar fiffike take, tana buɗewa tana tafiya gaba. Wani lokaci, ko an naɗe ta daidai, sai ta buɗe tana kallon baya, ta nufi dutsen ko ginin da mutum ya baro. A sararin sama wannan ba komai ba ne, sai ka juya abinka. A gaban dutse kuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu gare ka ka ja maɗaurin igiyoyin bayan laima ka kauce, kuma hannun da bai yi wannan ɗaruruwan lokuta a sama ba ba zai tuna ba a lokacin.

To duba wuraren da ka ambata. Kwatarkwashi na san shi, ba a bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba tare da an ɗaga kai an dube shi ba. Irin duwatsunmu ne masu faɗin gindi, suna gangarowa suna buɗewa. Masu wannan wasa bango suke nema wanda ya miƙe sak, ko ma wanda samansa ya leƙo ya wuce ƙasansa, domin mai faɗuwa ya yi ta nisa da dutse. A dutse mai gangare, dutsen ne ke matsowa ya tare ka tun laima ba ta fita daga jaka ba. Ƙarfen sabis kuma ban da gajarta yana da wutar lantarki, da faifan da ke watsa zafin da ke iya ƙona mutum in ya tsaya a gabansa, ga katanga da waya mai ƙaya da janareta a gindi, ga wayoyin wuta a kan titi. Kuma kayan mutane ne. A halin tsaron da jiharmu ke ciki, wanda aka hango da asuba yana hawan ƙarfen sabis da jaka a baya, ba lallai a tsaya tambayarsa abin da ya kawo shi ba.

Laimar gwanjo kuma ka manta da ita. Ba ka san shekarunta ba, ba ka san ranar da ta sha ba, kuma rana na cin yadin laima har ya riƙa yagewa a hannu. Yawancin abin da ake tallatawa da araha ma na yawo a iska ne, wanda ake tashi da shi a buɗe daga gangare, ba a yi shi don jure fizgar buɗewa ba. Ta BASE ɗinkinta daban, naɗinta daban. Hatta girman 'yar laimar janyowa canza shi ake yi gwargwadon tsawon wurin, haka ma ƙyallen nan mai zobba huɗu da ke sassauta buɗewa: a wuri mai tsawo a bar shi a sama, a gajere a sauke shi ko a cire. Wanda ya sa na dogon wuri a gajeren wuri, laimarsa ba za ta gama buɗewa ba zai isa ƙasa.

Hanyar koyo ɗaya ce, kuma ta jirgi take bi. Ana farawa da tsalle ɗaure a ƙirjin malami, sannan kwas ɗin da malamai ke fita tare da kai suna riƙe da kai, har ka sami lasisin farko, wanda a tsarin Amurka sai ka cika tsalle 25. Makarantun BASE na kirki ba sa karɓar mutum sai ya yi tsalle 150 zuwa 200 daga jirgi. Bayan haka ma ba dutse ake kai shi ba, gada ake kai shi, domin a ƙarƙashin gada ko laima ta juya baya babu bangon da za ta doka. Wadda aka fi koyo a kanta ita ce gadar Perrine a jihar Idaho ta Amurka, mita 148 a saman kogi, inda doka ta yarda a yi tsalle duk shekara. A tsallen farko sau da yawa malamin ne ke riƙe 'yar laimar a hannunsa, ɗalibin na faɗawa tana janyo babbar. Makarantun tsalle daga jirgi akwai su a Dubai da Afirka ta Kudu da Maroko, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne.

Mu a Jaji, kafin a bari mu shiga jirgi, sai da muka gaji da dirowa daga ɗan dandamali zuwa cikin yashi. Ƙafa biyu a haɗe, gwiwa a haɗe a ɗan lanƙwashe, haɓa a ƙirji, gwiwar hannu a matse. Tafin ƙafa ya taɓa, sai gefen ƙwauri, cinya, ɗuwawu, gefen baya, ka mirgina. Malami na tsaye da sanda yana nuna gwiwar da ta rabu da 'yar uwarta, a ce koma ka sake. Da yamma yashi har cikin kunne. Wannan duk don laimar da igiyar jirgi ke buɗe mana ce, ba mu ke buɗewa ba. Idan da gaske laima ke ranka, shekarunka ba su wuce na shiga soja ba, kuma can ana iya koya maka a biya ka albashi.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce a Tudun Wada, Gusau. Ɗana yana karatu a Turai, ya shekara biyu yana tsalle daga jirgi, na haƙura. Yanzu ya ce zai je wani dutse a Norwe, wai duk abu ɗaya ne. Gaskiya ne? Barci ya ƙaurace mini.

AMSA: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, ya tsare shi. Ba abu ɗaya ba ne, kuma shi ma ya sani, yana lallashin ki ne.

Ina kyautata zaton dutsen Kjerag yake nufi, bango mai kusan mita 1,000 a bakin ruwa, inda masu fara tsallen dutse suka fi zuwa. Likitocin ƙasar sun bi lissafin wurin daga 1995 zuwa 2005: tsalle 20,850, mutum 9 suka mutu, an sami haɗari 82 da ba a rasa rai ba. Wato mutuwa ɗaya a tsalle kusan 2,300. A tsallen jirgi kuwa, ƙungiyar masu wasan ta Amurka ta lissafa mutuwa 10 cikin tsalle sama da miliyan uku da rabi a 2023. Ki lura Kjerag na cikin wurare mafi sauƙi, ga tsawo, ga malamai, ga kwalekwale na jira a ƙasa, ga jirgi mai saukar ungulu na ceto. Carl Boenish, wanda ake ɗauka uban wasan tun da ya ɗauki hoton tsalle daga dutsen El Capitan na Amurka a 1978, a wani dutsen Norwe ya mutu a 1984. Jerin sunayen waɗanda suka rasu tun daga 1981, wanda masu wasan ke ajiyewa, ya haura 400, kuma da yawansu gwanaye ne.

Faɗa ta waya ba zai tsayar da saurayin da ke wata ƙasa ba, sai dai ya daina gaya miki. Ki zaunar da shi da tambaya. Tsalle nawa ya yi daga jirgi, ya nuna miki littafin da ake rubutawa? Wane ne malaminsa, shekara nawa yana koyarwa? Ya fara da gada, ko kai tsaye dutse zai je? Ya koyi yadda ake miƙe jiki a sulale gaba don nisantar bango? Inshorarsa ta haɗa da wannan wasa, ganin yawancinsu suna cire shi? Sannan wadda na fi ba muhimmanci: ya taɓa isa bakin fita ya fasa saboda iska ko hazo? Wanda bai taɓa fasawa ba, ko kunyar abokai ke hana shi, shi nake ji wa tsoro fiye da kowa. Ni dai da ɗana ne zan roƙe shi ya tsaya a jirgi, kuma ba zan ji nauyin faɗa masa ba. Batun hukunci na bar wa malamai, amma ayar Suratul Baƙara ta 195 da ta hana mu jefa kanmu cikin halaka ya kamata mahaifinsa ya zauna da shi a kanta, tare da haƙƙin da ke gare ki a wuyansa.

TAMBAYA: Baba, masu riga mai fukafukai, da rigar suke sauka ƙasa? Daga wani ɗalibi a Talata Mafara.

AMSA: A'a, ɗana, da laima suke sauka. Rigar yadi ce da aka ɗinka tsakanin hannu da jiki da kuma tsakanin ƙafafu, iska na cika ta, mutum ya riƙa tafiya gaba kusan mita 3 a duk mita 1 da ya sauka. Amma gudunsa ya fi na mota a babban titi, don haka dole ya buɗe laima kafin ƙasa. Wani ɗan Ingila, Gary Connery, ya sauka ba laima a 2012, sai dai a kan dubban kwalaye da aka jera masa ya faɗa. Wannan reshe shi ya fi cin rai, musamman masu ratsawa dab da dutse don hoto ya yi kyau. Haka wani gwanin wasan, Dean Potter, da abokinsa suka mutu a duwatsun Yosemite na Amurka a 2015. Ko daga jirgi ba a ba mutum rigar sai ya cika tsalle 200.

Wasiƙun da suka zo kan cizon maciji a gona da damina, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.